Abin da Paris ta koya mana, ni da uwargida

Turawa sun daɗe suna kiran Paris birnin masoya, finafinai kuma suka taya su yayatawa har mu ma muka yarda. Da yara suka tasa, ɗan abin hannu ya samu, sai na ce wa uwargida ta shirya in kai ta ta ga abin da ake faɗa. Wahalar biza kuwa a bar ta kawai. A watan Yuni muka sauka, ni ina ganin nawa biyan kuɗin jirgi ne da na masauki, sauran aikin garin zai yi mini.

1. Takarda ba ta jin ciwon ƙafa. Tun a gida na tsara jadawali awa da awa, domin a taswira komai maƙwabcin juna ne. Ranar Talata na ware wa gidan tarihi na Louvre, ashe ita ce ranar da yake rufe kowane mako. Muka juya zuwa Hasumiyar Eiffel. Layin masu jiran lif ya yi tsawo, tikitin hawa da ƙafa kuma ya fi araha, sai na ce mu taka, ai motsa jiki ne. Matakala 674 ce zuwa hawa na biyu. Muna hawa ina zuba mata karatu: an kammala hasumiyar a 1889 domin bikin baje kolin duniya, tsawonta yanzu mita 330, kuma tun ana cikin gininta manyan marubuta da masu zane na garin suka rubuta takardar koke cewa za ta ɓata wa Paris fuska. Ba mu kai rabi ba ta tsaya, ta dafa ƙarfe, ta ce, "Malam, da za ka ajiye tarihin nan ka karɓi jakata, da ya fi mini amfani." Na karɓa. Daga ranar jadawalin ya koma ƙasan akwati.

2. Wanda ya yi suna ba lallai ne ya cika ido ba. Da muka samu shiga Louvre, kai tsaye na ja ta zuwa wurin Mona Lisa. Zanen tsawonsa santimita 77 ne, faɗinsa 53, yana bayan gilashi, jama'a sun yi masa cincirindo kamar ranar rabon taki, kowa ya ɗaga waya sama. Rabin sunan nan ma sata ce ta jawo shi: a 1911 wani ɗan Italiya da ya taɓa aiki a gidan ya fice da shi, jaridun duniya suka yi ta kururuwa, ba a same shi ba sai 1913. Na kutsa na ɗauki hotona, na waiwayo ban ga uwargida ba. Tana can ta ba Mona Lisa baya, ta tsaya gaban bangon da ke fuskantarta, inda aka rataye zanen da ya fi kowane girma a gidan, na Veronese, wanda ya zana walimar wani aure a 1563. Faɗinsa ya kusa mita goma, mutanen ciki sun haura ɗari, ga makaɗa, ga masu rabon abinci, har da karnuka. Ta daɗe tana nazarinsa, tana nuna mini wanda ya zo don ci kawai da wanda aka bar wa ɗawainiya, sannan ta yanke hukunci: "Wannan bikin an kashe kuɗi, amma amarya ba ta cikin walwala." Ni da na karanta littattafai kafin tafiya, ban ga komai a ɗakin nan ba sai ƙeyar mutane.

3. Sallama ba a garinmu kaɗai take da daraja ba. An ce mana mutanen Paris ba su da fara'a. Wasu haka suke, amma yawancin ɗaurewar fuskar da na gani ni na saye ta, don ina faɗawa shago da Turancin Ingilishi ba gaisuwa. Ita kuwa da "bonjour" ɗaya da murmushi take shiga, a sallame ta kafin ni.

4. Mai lissafin naira a zuci ba ya jin daɗin shayi. Duk abin da aka ajiye mana a tebur sai na juya kuɗinsa daga yuro zuwa naira, in ji maƙogwarona ya ƙi karɓa. Ga neman halal, wanda ya sa muka daɗe a kan burodi da kifi da ƙwai. Yunwa kuwa ba ta san soyayya ba. Faɗan da muka yi a bakin Kogin Seine, in aka bi asalinsa, rashin abincin rana ne, amma sai da aka tono maganar da ta shekara goma a binne. Wani direba ɗan Mali ne ya ce mu shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 4 mu sauka a Château Rouge. Muna fitowa sai ga kuɓewa, doya, busasshen kifi, attarugu da shagunan atamfa, ga mahauta Musulmi a jere. Muka ci shinkafa da miyar gyaɗa muka ƙoshi, aka shirya ba tare da kowa ya ba wani haƙuri ba. A makare kuma na gano cewa ruwan famfo kyauta ne a gidajen abincinsu in ka nema, bayan na sha sayen na kwalba ina ƙunƙuni.

5. Rana ma kowace ƙasa da irin tata. A Yuni sai wajen ƙarfe goma na dare rana take faɗuwa, isha'i ta doshi tsakar dare, asuba kuma ba ta nisa da ita. Wanda ke son ganin fitilun hasumiya suna ƙyalli, abin da suke yi na minti biyar a farkon kowace awa bayan duhu, sai ya sallama barcinsa. Mun yi Juma'a a Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926 don tunawa da sojoji Musulmi na ƙasashen da Faransa ta mallaka, waɗanda suka mutu suna yi mata Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ba ya cikin jadawalina, amma a farfajiyarsa, da shayin na'ana'a a gabanmu, muka yi zaman da ya fi kowane tsawo.

6. Zaman mutum biyu ma sai an koya. Wannan ne ya fi ba ni kunya. A gida kullum akwai na uku a tsakaninmu: yaro, baƙo, ƙanwar wani, ko waya. Nan kuwa babu kowa, sai muka tarar hirarmu duka kuɗin makaranta ne da gyaran rufi da wanda ba a je wa gaisuwa ba. In waɗannan suka ƙare, shiru. A gadar Pont des Arts na ba ta labarin masoyan da suka riƙa maƙala kwaɗo a jikin ƙarfen gadar suna jefa makulli a kogi, har wani sashe ya rufta a 2014, hukuma ta kwashe kimanin tan 45 a shekarar da ta biyo baya ta sa gilashi. Ta ce ita dai ba ta ga abin burgewa ba a soyayyar da ke karya gada. Na yi ƙarfin hali na kama hannunta, abin da ban taɓa yi a titi ba tun aurenmu, ina waige-waige ko wani ɗan garinmu zai ɓullo. Ba wanda ya ko dube mu. Can sai ta tambaye ni abin da na so in zama ina yaro, na faɗa mata, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na tambaye ta, na ji amsar da ban taɓa sani ba duk tsawon zamanmu. Ita likitan dabbobi ta so zama. Na ce me ya hana ta faɗa mini tuntuni, ta ce, "To Malam, yaushe ka tambaya?"