Bayan An Naɗe Tabarmi

Yanzu idan aka yi rasuwa a ƙauyukanmu na tsakanin Bichi da Tsanyawa, kafin a gama haƙa kabari hoton mamaci ya zaga wayoyi. Kowa ya rubuta ta'aziyyarsa, ya ɗauka ya sauke nauyi. Ranar jana'iza majami'a ta cika, mawaƙa su yi waƙa, a yi zaman makoki, a naɗe tabarmi. In ka leƙa gidan bayan mako uku, sai ka tarar da matar marigayi ita kaɗai, ba wanda ya tako ƙofarta. Alhali a lokacin ne baƙin cikin yake fara cin mutum.

Fastonmu, yaro ne mai himma, ya kawo wa dattawan ikkilisiya wata shawara. Ya ce a shekarar 1975, a birnin Sant Luwis na Amurka, wani fasto mai suna Kenneth Haugk ya ga ba zai iya kai wa ga kowane mai damuwa shi kaɗai ba, sai ya horar da mutum tara daga cikin membobinsa. Suka sa wa hidimar sunan Istifanus, ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan da aka zaɓa saboda gwauraye a Ayyukan Manzanni sura 6. Horon awa 50 ne. Daga nan a haɗa mutum ɗaya da mai damuwa ɗaya, namiji da namiji, mace da mace, ziyara ta kamar awa guda kowane mako, har sai ya farfaɗo. Fastonmu yana so mu yi irin wannan hidima.

Raina ya ɓaci. Wa ya koya wa iyayenmu mata? Tun muna yara Zumuntar Mata ke ɗaukar ƙwaryar fura su bi hanyar gona zuwa gidan maijego ko mara lafiya, babu takardar shaida, babu littafin horo. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafarsu ba ta gajiya. Masu shekaru irin nawa sun san Yadakunya, inda mishan na SIM suka karɓi aikin jinyar kutare a 1937. Akwai wani tsoho a garinmu da ya dawo daga can, an ce ya warke, amma ko 'yan ɗakinsu ba sa cin tuwo da shi. Wani mai bishara, manomi ne kamar kowa, shi ya riƙa zuwa kowace Laraba da yamma, ya zauna a tabarmarsa, su sa hannu a akushi ɗaya. Bai taɓa yi masa wa'azi ba. Shekaru aka yi a haka, har tsohon ya rasu.

To, amma ba duka aka taru aka zama wannan mai bishara ba. Na ga abin da baki yake yi. Mace ta buɗe cikinta ga 'yar'uwa a kan mijinta, ranar Lahadi sai ta ji an kawo maganar gaban jama'a da sunan roƙon addu'a. Daga ranar ta rufe bakinta, ta rufe ƙofarta. Na ga wanda ya binne 'ya'ya biyu a yunwar 1973, masu gaisuwa suna ce masa ya binciki kansa, wataƙila akwai zunubi. Abokan Ayuba kwana bakwai suka yi zaune ba su ce uffan ba, kuma ba su yi laifi ba sai da suka fara bayani. Idan horon nan zai koya wa mutum ya saurara, ya riƙe amana, ya san ranar da zai ce wannan ya fi ƙarfina a kai shi asibiti, to awa 50 ta yi kaɗan ma.

Ku matasa nake jin haushi. Kun iya shirya babban taro, a yi hayar janareto da lasifika, a buga riguna. Amma a ce ɗayanku ya je ya zauna da dattijon da 'ya'yansa duk suka tafi ci-rani Kano da Abuja, sai ku ce ba lokaci. Gandu ya watse, an yanyanka gonaki kowa da ɗan kason da ba ya ciyar da shi, ga fargabar 'yan bindiga ta wajen iyakar Katsina ta sa magariba na yi kowa ya kulle gida. Maƙwabtanmu Musulmi suna komawa gidan mamaci ranar uku, da bakwai, da arba'in. Mu kuwa da an naɗe tabarmi shi ke nan.

Na gaya wa fasto na yarda, da sharaɗi biyu. Kada a zaɓi mutum don ya iya magana a gaban taro; a nemo waɗanda ba a taɓa jin sirrin wani a bakinsu ba, ko da ba su iya karatu ba. Na biyu, sauraro kaɗai ba ya isa a ƙasar noma. Wadda aka ba ta gwauruwa ta riƙa dubawa, idan ruwan shuka ya sauka, ta tambaye ta wa zai nome mata gonar geronta, in babu kowa ta kira gayya.