Valcourt: garin ƙanƙara da moto mai ƙafa uku

Wanda ya bar birnin Monreyal ya nufi gabas bisa babbar hanya mai lamba 10, zai yi tafiya mai ɗan tsawo cikin ƙasa shimfiɗaɗɗa kamar faifai, gonakin masara dama da hagu, kafin ƙasar ta fara tashi. Daga nan tuddai ne masu itatuwa, da tafkuna, da garken shanun madara, da ƙauyuka waɗanda kowanne ke da coci mai dogon tsororuwa. Wannan shi ne yankin Estrie na jihar Kebek a ƙasar Kanada, inda Faransanci ne harshen gida da na kasuwa. Ma'aikacin Nijar da ya sauka can ba ya bukatar tafinta, ko da yake sai kunnensa ya yi kwanaki kafin ya saba da karin harshensu. A cikin tuddan nan, idan aka saki babbar hanya aka yi arewa, garin Valcourt yake, mutanensa ba su wuce dubu kaɗan ba. Da a ƙasar Maraɗi yake, da ƙauye za a kira shi.

Amma fa sunan ƙauyen nan ya zagaya duniya, kuma sanadin haka mutuwar yaro ce. A nan aka haifi Joseph-Armand Bombardier a 1907, makanike mai garaji. Cikin sanyin 1934 ɗansa mai shekara 2 ya kamu da ciwon ciki, ƙanƙara ta rufe hanya, ba a samu kai shi gidan likita ba har ya cika. Uban ya duƙufa kan motar da za ta iya tafiya bisa ƙanƙara, a 1937 ya fito da B7 mai ɗaukar mutum 7, wadda likitocin karkara da limaman coci suka yi ta saye. A 1959 ya fito da ƙaramar Ski-Doo ta mutum ɗaya ko biyu. Ya rasu a 1964, kamfanin ya ci gaba har ya kai ga ƙera jiragen ƙasa da na sama, kuma a 2003 aka ware sashen ababen hawa na shaƙatawa da sunan BRP, wanda hedkwatarsa ke Valcourt. Garajin farko yana nan cikin gidan tarihi na garin, baƙo na iya shiga ya gani.

Abin da ke jan hankalin baƙo a titunan garin lokacin zafi shi ne wani moto da kamfanin ya nuna wa duniya a 2007, Can-Am Spyder. Ƙafa uku gare shi, amma ba tsarin adaidaitar Maraɗi da Damagaram ba: biyu ne a gaba, ɗaya mai faɗi a baya. Wanda ya ga Ski-Doo a gidan tarihi zai gane dangin nan take, domin zubinsu ɗaya. Ba ya kwanciya a kwana kamar moto mai ƙafa biyu, sai an juya kansa da ƙarfin hannu. Birki guda ne a ƙafar dama, yana kama ƙafafun uku gaba ɗaya, kuma yana da bites na komawa baya, tunda manyansu sun haura kilo 400. Da yawa daga cikin masu hawansa dattawa ne, miji a gaba mata a baya, mutanen da gwiwa ta daina yarda da riƙe moto mai nauyi a tsaye.

To, batun da ke hana sababbin masu shi barci shi ne na bites, abin da ƴan Najeriya ke kira giya. Akwai samfurin da ba shi da hannun ambireyaji, wato kuloci. A hannun hagu wani ɗan maɓalli ne: a tura da babban yatsa bites ya hau, a jawo da manuni ya sauka, ba sai an saki mai ba. Idan aka rage gudu injin na sauko da bites da kansa har zuwa na ɗaya. Hawa kuwa bai taɓa yi da kansa ba, yana jiran mai shi. Rabin aikin ke nan na inji, rabi na mutum, kuma a rabin mutum ɗin ne ake yin ɓarna.

Dalili yana cikin ambireyajin samfurin farko, mai suna SE5, mai bites 5 da injin Rotax na ƙasar Otirish mai silinda 2 da girman 998. Ambireyajin nan juyin inji ne ke matse shi: akwai wasu ƙananan ƙarafa masu nauyi da ke buɗewa waje idan inji ya ɗauki juyi, su danne faya-fayan. Wanda ya taɓa hawa ƙaramin moto irin na mata, wanda ake taka bites ba tare da kama hannu ba, ya san irin wannan dabara. Matsewar ba ta cika sai inji ya kai wajen juyi 3200 a minti guda. Ƙasa da haka faya-fayan suna zamewa bisa juna, suna ɗaukar zafi, suna cinyewa a hankali, alhali mai moton yana jin daɗin shirun da injinsa ya yi. Shi ya sa waɗanda suka daɗe da shi ba su hawa bites sai allura ta kai wajen 5000, domin kowace hawa tana zubar da juyi kusan 1000, kuma ana so bayan hawan allurar ta tsaya nesa da wurin zamewa. Injin ba ya jin komai da wannan: ƙarfinsa ma sai can sama da 7000 yake cika.

A nan ne kunne ke yaudarar mutum. Duk wanda ya koyi tuƙi inda litar mai ke da tsada, an koya masa ya hau bites da wuri, kuma mai adaidaita da ke sa na huɗu tun kafin ya wuce ƙofar tasha bai yi laifi ba a kan injinsa, tunda ambireyajinsa na hannu ne, da ya saki ya kama. Bisa SE5 wannan tattali asara ce. Kukan da kunne ke ɗauka alamar wahala, shi ne lafiyar injin, kuma ƴan kuɗin man da aka tsimi ba su kai na buɗe inji a sake faya-fayai ba.

Hanya mai lamba 222, wadda ta bar Valcourt ta bi ta Racine ta nufi wajen Sherbrooke, makaranta ce ta wannan darasi. Cikin ƙauye doka ta tsaida gudu a kilomita 50, kuma a irin wannan gudu SE5 ba ya bukatar wuce bites na biyu ko na uku. Na biyar kuwa na babbar hanya ne, inda ake gudun 100. Bayan ƙauye hanyar tana hawa tana sauka ba hutawa. Wanda ya iso gindin tudu da matarsa a baya da kaya a akwati, idan ya jira inji ya sauko masa da bites, ya makara, domin injin ba ya ganin tudu, juyi kawai yake ƙirgawa, kuma ba ya saukowa sai juyin ya faɗi ƙasa sosai. Gwani yakan jawo maɓalli tun kafin hawan ya fara. Haka yake yi kafin kwana, haka kafin ya wuce babbar motar itace, haka a gangara domin inji ya taimaki birki.

A 2014 kamfanin ya kawo sabon inji mai silinda 3 da girman 1330, da bites 6, mai suna SE6. Wannan ambireyajinsa matsin mai ne ke kama shi bisa umarnin kwamfuta, ba juyin inji ba, kuma yana da ƙarfin ja tun daga ƙasa. Ana iya hawa bites a kansa tun wajen juyi 3000 ba tare da cutar da komai ba. Saboda haka idan aka ji mutum biyu suna gardama a bakin gidan mai, wannan na cewa 3000 wancan na cewa 5000, mai yiwuwa ne dukansu suna da gaskiya, injinan ne ba ɗaya ba. Ɗan kasuwan da ya ga irin moton nan cikin kayan da aka yi amfani da su a tashar jirgin ruwan Kwatano ko Lome, abin da ya kamata ya fara dubawa ke nan: 998 ne ko 1330. Idan na farko ne, ya hau ya murɗa mai a bites na sama. In juyi ya tashi gudu bai biyo ba, mai shi na farko ya riga ya ci ambireyajin da tattalinsa.

Lokacin hawan kansa gajere ne a Estrie. A ƙarshen Satumba zuwa Oktoba ganyen itatuwa na rikiɗa ja da rawaya, masu ƙafa uku su cika hanyoyin tuddai rukuni-rukuni. Daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dokar Kebek ta wajabta tayar sanyi, don haka mafi yawansu sukan rufe motocinsu a garaji. A watan Fabrairu filin tseren Valcourt yana cika da jama'a, amma tseren na motocin ƙanƙara ne, ana yin sa tun 1983.