Wasiƙa ga Auta: Gwarzon da Bai Bar Jiharsa Ba

Auta,

Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da su Inna da Baba da sauran mutanen gida. Ni ma lafiya ƙalau, sai dai sanyi. Ku damina ta sauka muku, mu kuwa a nan Adelaide ta ƙasar Ostireliya hunturu ne ya kankama, ga yayyafi ba dare ba rana.

Na saurari saƙon muryarka har sau uku. Ka ce wani dillalin 'yan wasa ya gan ka a fili, ya yi alkawarin fitar da kai gwaji ƙasar waje muddin aka haɗa masa kuɗi. Ka kuma ce duk ɗan ƙwallon da bai fita waje ba wahalar banza yake sha. Da gangan na ƙi amsa maka ta waya, don waya tana sa mutum gaggawar magana. Na fi so in zauna in ba ka labarin wani mutum da na ji daga bakin wani dattijo a wurin aikina.

Ka san aikina kula da tsofaffi ne. A cikinsu akwai wani da ya haura tamanin, kullum da wani tsohon gyalen wuya ja da fari rataye a kan gadonsa. Wata rana a watan Yulin 2025 na shiga ba shi magani, na tarar yana share hawaye a gaban talabijin. Na ɗauka wani nasa ne ya rasu, har na fara yi masa ta'aziyya. Ashe wani tsohon ɗan ƙwallo ne, Barrie Robran, ya rasu yana da shekara 77. Ba dangin iya ba na baba tsakaninsu. Tun daga ranar, duk sa'ad da na shiga ɗakinsa sai ya ɗan gutsura mini labarin.

Kada ka zaci irin ƙwallonmu ce. Tasu suna ce mata futi. Ƙwallon kamar ƙwai take, filin ma haka, kowane ɓangare mutum 18. Ana bugawa da ƙafa, ana cafewa da hannu, in za ka miƙa wa ɗan'uwanka da hannu sai ka naushe ta, ba a jifa. Babu raga, sanduna huɗu ne a tsaye: in ka buga ta shiga tsakanin dogayen biyu na tsakiya maki 6 ne, in ta bi gefe maki 1. Sai ka ga ƙato ya taka kafaɗar wani ya cafe ƙwallo a sama, kamar mai hawan dabino. Rabi ƙwallo ce, rabi kokawa.

Kowace jiha tana da gasarta tun kaka da kakanni. Ta jiharmu, Kudancin Ostireliya, tun 1877 aka kafa ta, ana kiranta SANFL. Amma kuɗi da suna suna Melbourne, a gasar jihar Victoria, wadda a 1990 ta rikiɗe ta zama gasar ƙasa baki ɗaya, AFL. Yadda kake kallon Turai a yau, haka yaron Adelaide yake kallon Melbourne a wancan zamani.

An haifi Robran a 1947 a Whyalla, garin masana'antar ƙarfe. A 1967 ya zo ƙungiyar North Adelaide, masu ja da fari, waɗanda ake wa laƙabi da Zakaru. Wasa 201 ya buga musu har zuwa 1980. Da shi suka ci kofin jiha a 1971 da 1972. A wannan shekara ta 1972 aka haɗa su da Carlton, zakarun Victoria, suka doke su da maki ɗaya tak, aka naɗa su zakarun ƙasa. In dattijona ya zo nan a labarin, sai ya ɗaga yatsa ɗaya sama ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Manyan ƙungiyoyin Melbourne sun yi zawarcin Robran, amma ya yi zamansa a inda yake. A 1974, yana wakiltar jiharsa a karawa da Victoria, ya yi karo da wani ɗan wasa, gwiwarsa ta lalace. Ya ci gaba da wasa, sai dai bai sake komawa kamar da ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lambar yabon da ya ci har sau uku, a 1968 da 1970 da 1973. Sunanta lambar Magarey, tun 1898 ake bayar da ita. Alƙalan wasa ne ke kaɗa ƙuri'a bayan kowane wasa, kuma ana bai wa wanda ya fi kowa hazaƙa da tsaftar wasa. Wanda aka dakatar saboda mugun wasa a kakar, ko da ya fi kowa ƙuri'a, ba za a rataya masa ita ba. Ka ga sun ɗaure gwaninta da hali a igiya ɗaya. Shi ma dattijon, bayan ya gama lissafin kofuna, abin da yake komawa kai kullum shi ne kunyar mutumin da rashin girman kansa. A 2001 aka ɗaga Robran zuwa sahun manyan gwarazan wasan na duk ƙasar, shi ne na farko da ya kai wannan matsayi ba tare da ya taɓa buga gasar Melbourne ba. Yau mutum-mutuminsa yana tsaye a babban filin wasa na Adelaide.

Gani ya kori ji, don haka wata Asabar na je filin Zakaru da ke unguwar Prospect. Yanzu gasar jiha ta koma ta biyu, taurari suna AFL, taron ma ba kamar na da ba. Yawancin 'yan wasan suna da sana'arsu: wani mai gyaran famfo, wani mai wayarin lantarki, wani malamin makaranta, wani ɗalibi. Da rana aiki, da yamma atisaye cikin sanyi. Masu sayar da abinci da masu tsaron ƙofa da yawansu aikin sa kai suke yi. A lokacin hutu kuma sai jama'a su shiga fili, su kewaye 'yan wasa suna sauraron faɗan koci, yara na ta buga ƙwallo da iyayensu a gefe. Na sayi shayi na tsaya ina kallo. Ban ga wanda ya raina ɗan wasa don yana gyaran famfo ranar Litinin ba, shi ma ban ga yana jin kunyar hakan ba.

Ba ina cewa komai nasu abin koyi ne ba. Mutanen da suka san darajar wanda ya riƙe ƙungiyarsa, su ne wasunsu suka bar iyayensu a hannun baƙo irina. Akwai 'ya'ya masu zuwa duk mako, akwai kuma tsofaffin da sai a yi wata da watanni babu mai leƙo su. Dattijona yana cikin na biyun. Wani lokaci nakan ce a raina, wataƙila abin da ya sa yake kuka da mutuwar wanda bai tafi ba shi ne nasa duk sun tafi. In na tuna yadda Kaka ta tsufa a tsakar gidanmu, jikoki na hawa kanta, sai in gode wa Allah da irin tarbiyyarmu.

Na san abin da za ka ce: Yaya da ya tsallake teku shi ke yi mini huɗubar zaman gida. Gaskiyarka. Amma don na tafi ɗin ne na san farashin. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ta waya na ji rasuwar Kaka, ta waya na ga bikin ƙanwarmu. Kuɗin da nake aikowa suna toshe wasu kafofi, amma ba sa zama a kan tabarmar gaisuwa a madadina.

Ban hana ka buri ba, Auta. In ƙofa ta gaskiya ta buɗe, ni zan fara yi maka rakiya da addu'a. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ƙungiyar da ke sonka da gaske takardar gayyata take aikowa da sunanta, ba ta aiko mai karɓar kuɗi a bakin fili. Ka ce wa dillalin ya nuna takarda, ka kai wa kocinku ya duba. Kada ka bari Baba ya taɓa gonarsa saboda wannan magana. Kada kuma ka bar shagon walda. Karo ɗaya ne ya cinye gwiwar gwarzon da ya fi kowa a zamaninsa, yana ɗan shekara 26. Abin da ya rage masa bayan nan shi ne halinsa da mutanen garinsa, kuma sun riƙe shi har ƙarshen ransa.

Na aika wa Inna kuɗi, a ciki akwai na takalmin ƙwallonka. Ka buga wa ƙungiyarku kakar nan har ƙarshe, ka yi ƙoƙari ka gama ta ba jan kati. In kun buga wasan gaba ka turo mini hotonka da rigar ƙungiya. Na riga na faɗa wa dattijon ina da ƙane ɗan ƙwallo, kuma tambayar farko da ya yi mini ita ce shekara nawa ka yi a ƙungiyarku.

Ka gaishe mini da Baba da Inna, ka ce su ci gaba da sa ni a addu'a. Allah ya yi maka albarka, ya tsare maka ƙafafunka.

Naka,
Yayanka