Daga Filin Nzem Berom Zuwa Rumfar Gwate A Kuru

Baƙon da ya sauka Jos gab da faɗuwar damina, in ya taki sa'a, zai tarar da bikin Nzem Berom, wanda aka fara a 1981 domin haɗa bukukuwan garuruwan Birom wuri guda. Ran nan malamin makaranta da akawu sukan tuɓe kwat, su ɗaura warki, su rataya kwari da baka, su wuce gaban Gbong Gwom Jos kamar kakanninsu kafin Turawan kuza su haƙe gonaki. Amma da an watse, warki sai akwati, sai kuma baɗi.

Abin da ba ya komawa akwati yana Kuru, kudu da Bukuru. Can a rumfunan bakin hanya mata ke dafa gwaten acca da yakuwa da gauta, abincin Birom tun fil azal. Acca dai ƙwayarta mitsi-mitsi ce, surfenta da rairayarta aiki ne ja, ga masara da dankalin Turawa sun cinye mata gonaki da dama. Duk rumfar da aka yi ha'incin rairaya, haƙorin baƙo ne zai fara ba da labari. In kuwa an dace, sai a sha da zafinsa, don sanyin Kuru ba ya jiran kowa.