Kurajen Kunzugu: Kada a Ɗora wa Nono Laifi

A ƙasar Arewa ta Nijar, daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Dumega da Kore Mairuwa, akwai wani hukunci da ake saurin yankewa a cikin gida idan jariri ya yi kurajen da suka ƙi jin magani. Mazaunin yaro ya yi jawur, matsematsin cinyoyinsa ya saluɓe, fitsari na taɓa wurin sai ya tsala kuka. An shafa man kaɗe, an barbaɗa hoda, an ɗura masa jiƙo, mako biyu abu bai gusa ba. Daga nan sai ido ya koma kan mai jego: a ce nononta ne ke da zafi, ko ta ci abin da bai kamata ba, ko wani ciki ne ya shiga ya ɓata nonon. Abin da tsawon rai ya nuna mini shi ne, wannan hukunci ya fi kurajen kansu cutar da yaro. Kurajen na warkewa idan an san su, an ba su lokacinsu. Jaririn da aka rage wa nono ko aka yaye kafin lokaci kuwa, an jefa shi cikin haɗarin da ba kowane yaro ke fita ba.

Ya kamata a fara da rarrabe abu biyu da ake haɗawa wuri ɗaya. Akwai jan fata na yau da kullum, wanda fitsari da kashi ke jawowa idan sun daɗe a jikin yaro. Shi wannan yakan fito a inda tsumma ke gogar fata, ya bar cikin lanƙwasar cinya lafiya, kuma da an tsabtace wurin an bar shi ya sha iska, cikin kwana biyu ko uku zai lafa. Na biyun daban yake. Jansa ya fi tsanani, yana sheƙi, yana kutsawa har cikin matsematsi, kuma a gefensa za a ga ƙananan ɗigo-ɗigon kuraje sun watsu nesa da babban tabon. Wannan aikin wata ƙwayar halitta ce mai rai, dangin funfuna da yis ɗin burodi, wadda likitoci ke kira Kandida. Ba baƙuwa ba ce a jikin ɗan Adam. Tana zaune a baki da hanji da fatar mutane da yawa masu ƙoshin lafiya ba tare da ta dame su ba, sai ta sami ɗumi da danshi da fatar da ta riga ta ji rauni, sa'annan ta yi yawa. Shi ya sa jan da ya wuce kwana uku bai sauka ba, sau da yawa za a tarar ita ce ta hau kansa. Man kaɗe na tausasa fata, yana kare ta daga fitsari, amma ba ya kashe wannan ƙwaya, komai yawan da aka lafta.

Wanda ya san yanayinmu ba zai yi mamakin yadda abin ke daɗewa ba. A bazara, watan Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40. Damina ta sauka, iska ta yi nauyi da danshi, tsummokaran da aka shanya ba sa bushewa sosai, uwa kuma tana gona ko tana bakin rijiya da goyo a baya tun hantsi har azahar. A cikin kwarin Dallol Mawri ruwa na kusa, amma ƙauyukan da ke kan tudu sai an ja guga mai tsawo, kuma macen da ta sha wannan wahala ba za ta zubar da ruwa wajen wanki sau goma a yini ba. Sai ga kunzugun kanti da ake kira famfas ya shigo. Ba shi da aibu idan ana sauya shi a kan kari, amma kuɗinsa ya sa a gidaje da yawa guda ɗaya ke kwana ya yini, wasu ma su ɗora wandon leda a kan tsumma don kada zane ya jiƙe. Ledar nan tana tsare zanen uwa, tana kuma kulle ɗumi da danshi a jikin yaro. Ga wani dalili da ba a cika lura da shi ba: magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin, da ake saye a hannun masu talla ranar kasuwa a ba jariri don tari ko zawo, ko uwa ta sha da kanta. Suna share ƙwayoyin amfani da ke hana Kandida yaɗuwa, su bar mata fili.

Masu ɗora laifi a kan nono suna da hujjarsu, kuma ban ga dalilin raina ta ba. Sukan ce: duba bakin yaron, ga fari-fari a harshe da cikin kumatu kamar guntun madara, wanda ba ya gogewa, ga uwar tana kukan kan nononta na zafi kamar ana soka mata allura, ashe ba daga nono cutar take ba? Abin da suka gani gaskiya ne, fassarar ce ta karkace. Ƙwayar da ke bakin yaro ita ce ke bin hanjinsa ta fita da kashi ta sauka a mazauninsa, kuma tana iya kama fatar kan nono wajen tsotso, daga can ta sake komawa bakin. Fata ce ta kamu. Ruwan nonon da ke ciki bai ɓaci ba, bai zama guba ba, kuma cin sukari ko tuwon da uwa ta yi ba shi ne ya haifar da kurajen ba. Ba ma kowane zafin kan nono ne aikin wannan ƙwaya ba, don sau da yawa rashin kama nono da kyau ne ke tsattsage shi, wanda ungozomar asibiti za ta gyara da nuna yadda ake riƙe yaro. Bincike ya daɗe da nuna cewa jariran da ke shan nonon uwa zalla sun fi sauran ƙarancin kurajen kunzugu, saboda kashinsu bai kai na masu shan madarar gwangwani cin fata ba. To, idan an janye nono, me za a ba ɗan wata uku? Kunu da ruwan rijiya, ko madarar da aka dama a kwanon da ƙuda ya sauka. Abin da ke biyo baya zawo ne, zawo kuwa shi ne ya fi kome ƙona mazaunin jariri, ban da ramewa da tamowa da yake jawowa. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla wata shida, ko ruwa kada a haɗa, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu, adadin da Alƙur'ani ma ya ambata a Suratul Baƙara. Amma binciken lafiyar iyali na ƙasa da aka yi a Nijar a 2012 ya tarar kusan kashi 23 cikin ɗari ne kawai na jarirai ƴan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. Al'ummar da ke a wannan matsayi ba ta da sararin ƙara wani dalilin raba yaro da nono.

Hujja ta biyu, ta masu dogaro da mayukan kasuwa, ta fi ta farko yaudara, don ido na ganin kamar ta tabbata. Wata za ta ce ta sayi wani man shafawa a kasuwa, ta shafa dare ɗaya, da safe jan ya sauka. Haka ne, yana sauka. Yawancin mayukan nan suna ɗauke da sinadarai masu ƙarfi irin su betametazon da kulobetazol, waɗanda su ne dai ke cikin mayukan sauya launin fata da suka cika teburan ƴan tireda. Aikinsu kwantar da ja da kumburi, ta hanyar danne garkuwar fata. Garkuwar na kwanciya, ƙwayar na ƙara samun wurin zama. An daina shafawa kwana biyu, kurajen su dawo fiye da da, a sake saye, a sake shafawa, har fatar yaron ta yi siriri ta fara tsagewa. Fatar jariri ba ta manya ba ce. Tana zuƙe magani ƙwarai, balle a wurin da ke rufe da ɗumi, har sinadarin ya kai cikin jini. Ko mayukan da aka ce sun haɗa magani uku wuri ɗaya, ba na mazaunin jariri ba ne sai da izinin ma'aikacin lafiya. Hoda ma ba ta tsira ba: tana dunƙulewa a matsematsi ta riƙe danshi, ƙurarta kuma tana shiga huhun yaro.

Maganin gaskiya ba sabo ba ne, ba kuma mai tsada ba. Tun 1950 wasu mata biyu masu bincike a Amurka, Elizabeth Hazen da Rachel Brown, suka gano nistatin, kuma har yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Akwai kuma kulotirimazol da mikonazol na shafawa. Ana wanke wurin da ruwa mai tsabta ba tare da dirza ba, a bar shi ya bushe sarai, a shafa maganin kaɗan har cikin lanƙwasa, sau biyu zuwa huɗu a yini gwargwadon irin da aka rubuta. Idan baki ya yi fari, akwai nistatin na ɗigawa bayan an sha nono, kuma a duba uwar a rana ɗaya da ɗanta, domin yi wa ɗaya magani a bar ɗaya shi ne ke mayar da hannun agogo baya. Akwai kuma wani magani shuɗi da ake shafawa a baki, yana aiki, amma sai an sirka shi yadda ya dace kuma na ƴan kwanaki, in ba haka ba yakan ƙona bakin. Inda aka fi yin asara shi ne wajen haƙuri. Kwana uku ko huɗu jan ya dushe, sai a ajiye maganin. Manomi ya san noman fari ba ya raba gona da haki, sai an koma an yi maimai. Haka ita ma ƙwayar nan, tana nan a fata bayan ido ya daina ganinta. Mako ɗaya zuwa biyu ake yi ana shafawa, a ƙara ƴan kwanaki bayan wurin ya washe. Yawancin kurajen da ake cewa sun gagara, magani ne aka katse ko aka yi ta sauyawa, yau na likita, gobe na maƙwabciya, jibi na mai talla.

Za a ce mini, kakanninmu sun raini ƴaƴa ba nistatin ba asibiti. Gaskiya ne, kuma akwai abin da suka fi mu. Jaririnsu yakan yini a kan tabarma ko ƙyalle a inuwa ba kome a ƙugunsa, uwa ko kaka ta san lokacin da zai yi kashi ta ɗora shi a ƙafafunta, a wanke shi nan take. Iska da bushewa su ne rabin maganin wannan cuta, kuma likitocin yara a ko'ina cikin duniya abin da suke faɗa ke nan. Wannan gado ne da ya kamata a riƙe, a haɗa da wanke tsumma da sabulu, a ɗauraye sosai, a tafasa idan da hali, a shanya a rana tsaka ba a cikin ɗaki ba. Amma girmama magabata bai hana mu tuna yawan ƙananan kaburburan da zamaninsu ya bari ba. Su ba su da zaɓi, mu muna da shi. Ɗura wa jariri jiƙo, ko shafa toka da kanwa a fatar da ta saluɓe, ba ya ƙara masa kome sai raɗaɗi da ƙofar shigar wata cutar.

Saura ƙorafin nisa da kuɗi, wanda shi ne ya fi nauyi. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, amma kowa ya san jinkirin biyan cibiyoyin lafiya kuɗinsu ya sa sau da yawa a je a tarar ba magani, a miƙo takarda a ce a sayo. Macen da ke wani ƙauye na Dogon Kirya ko Sukukutan, da damina hanya ta yanke, ba ƙaramin abu ba ne a ce mata ta kai yaro likita saboda kuraje. Duk da haka, idan aka lissafa abin da ake kashewa a mayukan kasuwa da kafso da jiƙe-jiƙe cikin wata guda, ya fi kuɗin kabu-kabu da bututun magani ɗaya. Kuma akwai abin da mai talla ba zai taɓa gani ba. Kurajen da suka ƙi warkewa bayan an yi maganin da ya dace har ƙarshe, ko suke ta dawowa tare da farin baki, wani lokaci alama ce ta abin da ya fi su: tamowa, ko raunin garkuwar jiki, har da cutar sida da yaro kan ɗauka daga uwa, wadda ake iya ganowa a fara magani da wuri. Idan kuma zazzaɓi ya shiga, ko wurin ya fara ruwa da mugunya, ko yaro ya ƙi kama nono, musamman wanda bai kai wata biyu ba, to ba a kwana da shi a gida.

Maganata ta ƙarshe ga masu gida ce da iyayensu mata, don a gidajenmu mai jego, balle ta fari, ba ita ke yanke shawara ba. Ke uwar miji, da aka san bakinki na da nauyi, kada ki ce wa yarinyar nan nononta ya ɓaci. Ce mata ta ƙara ba shi, ki karɓar mata jan ruwa ta samu ta wanke tsummokara. Kai kuma maigida, idan jan ya kwana uku bai sauka ba, ka ba da kuɗin mota, ka raka su cibiyar lafiya mafi kusa, a duba bakin yaron da mazauninsa da nonon uwar gaba ɗaya, ka tsaya a kan a shafa maganin har kwanakin da aka faɗa su cika.