Dala 14.99 a Wata: Kwanakin Farko a The Elder Scrolls Online

Juma'a, 4 ga Afrilu, 2014

Yau aka buɗe The Elder Scrolls Online ga kowa da kowa. Kuɗin sayensa dala 59.99, da kwana 30 na wasa a ciki. Daga nan kuma duk wata sai ka ba da dala 14.99, wajen naira 2,500 a canjin yanzu, in ba haka ba a rufe maka ƙofa ko da wasan yana zaune cikin kwamfutarka. Abin da nake so in tantance ke nan kafin kwanakin su ƙare: ko akwai abin da ya kai a riƙa biya masa kuɗi wata-wata.

Sauke shi kaɗai aiki ne, don ya haura gigabait 20. Modem ɗina ba zai ɗauka ba, shi ya sa tun farkon mako na kai kwamfutar shagon wani abokina ta kwana a can.

Ƙanena da ke karatu a Malesiya shi ya matsa mini. Tun da Skyrim, wasan da ya gabace shi, ya fito a Nuwamban 2011 muke cewa ina ma a ce mutum biyu za su iya shiga ƙasar nan tare. Ya ce, "Yaya, ka ɗauki Daggerfall Covenant, in ka ɗauki wani ɓangaren ba za mu haɗu ba sai a fagen yaƙi." Ɓangarorin uku ne, kowane da ƙabilu uku. Na ɗauki Redguard, baƙaƙen mutanen hamadar Hammerfell da suka shahara da takobi, shi kuma ya ɗauki Orc.

An fara da ni a kurkukun Coldharbour, an yanka ni an miƙa raina ga Molag Bal, wani makahon tsoho yana nuna mini hanyar tsira. Muryar tsohon ta Michael Gambon ce, wanda ya fito a matsayin Dumbledore, kuma ta zauna daram. Sai dai yayin da yake gaya mini cewa makomar duniya na wuyana, ga wasu fursunoni cunkus suna tsalle a gefena, kowannensu ana gaya masa haka. Wannan ya rage wa maganar nauyi.

Asabar, 5 ga Afrilu

Wasan ya sauke ni a birnin Daggerfall, amma na bi jirgin ruwa na koma tsibirin Stros M'Kai, kuma ban yi nadama ba. Rairayi, itatuwan dabino, farin gini mai ƙubba, rana tana dukan bangon Port Hunding. Wata kyaftin ɗin jirgi mai suna Kaleen tana tara mutanen da za su shiga gidan Bhosek, azzalumin da ke riƙe da garin, su ɗauko wasu takardu. Kai za ka nemo mata mutanen: Jakarn ɓarawo mai daɗin baki, Lerisa gwanar ɓad-da-kama, Neramo mai tonon kufai. Wanda ka taimaka shi zai taimake ka ranar aikin, wanda ka ƙyale kuma ba za ka gan shi ba.

Nan ne na fara ganin ƙarfin wasan. Kowane mutum da ka tsaya wurinsa da murya yake magana, ba rubutu kawai ba, kuma aikensa yana da kai da gindi. Ba a cika ce maka je ka kashe ɓeraye goma ka dawo ba. Labarin ya faru ne kimanin shekara 1,000 kafin na Skyrim, lokacin da gadon sarautar Cyrodiil ba shi da mai shi, saboda haka littattafan da ke kan kantoci suna ba da tarihin da wanda ya san wasannin baya zai so ya tsaya ya karanta. Na tsaya na karanta.

Abin da na rasa shi ne tsoro. A Skyrim in ka ɗauki cokalin wani, dogarai na kanka. A nan ka buɗe buhu da tulu a ɗakin mutum yana kallonka, babu mai cewa uffan.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Malesiya tana gaban mu da awa 7, don haka sai Lahadi da hantsi muke samun lokaci ɗaya. Mun haɗu a Betnikh, tsibirin Orc, da murna. Murnar ba ta daɗe ba.

Wasan yana canza wuri gwargwadon inda ka kai a labari. Ƙauyen da ka ceto, a wurinka ya zauna lafiya, a wurin wanda bai ceto shi ba kuma yana ci da wuta. Dabara ce mai kyau ga mai wasa shi kaɗai, don yana ganin sawun aikinsa a ƙasa. Amma ƙanena ya riga ni da aike biyu, sai ga mu tsaye a wuri guda ba na ganinsa, ba ya ganina, sai wata 'yar alama tana yawo a iska inda ya kamata ya kasance. Yana cewa, "Yaya, ga ni a gabanka fa." Abokan gabar da nake sara ba ya ganinsu, bare ya taya ni. Babban labarin ma, na makahon tsoho, dole kowa ya shiga shi kaɗai.

Wannan ya dame ni ƙwarai, domin a kan zama tare ake karɓar kuɗin watan. In labari ne zan bi ni kaɗai, Skyrim na nan, na saye shi sau ɗaya, ba ya neman intanet.

Litinin, 7 ga Afrilu

An ɗauke wuta tun la'asar, ga zafi, kuma ban ga dalilin ƙona man janareta a kan wasa ba. Ranar dai tana cikin kwana 30 ɗin, an ƙirga ta.

Talata, 8 ga Afrilu

Na koma Glenumbra, yankin da Daggerfall yake, na mai da hankali kan faɗa. Maɓallin hagu na linzami sara, na dama karewa, kuma fasaha biyar kacal kake iya ɗorawa a hannu, da babba guda da ke taruwa a hankali. Ana cewa a mataki na 15 za a ba ka makami na biyu da wasu biyar ɗin. Ƙarancin nan yana da amfani: idonka yana kan abokin gaba, kana duba lokacin da zai ɗaga gatari, ba kan jerin hotuna a ƙasan allo ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a ɗaure ka. Rukunin mayaƙa huɗu ne, ni Templar na ɗauka, amma ba wanda ya hana ni sa sulke mai nauyi in riƙe sandar warkarwa, ko in ajiye ta in ɗauki baka. Abin da ka yawaita amfani da shi, shi ke ƙaruwa. Akwai kuma wasu duwatsu masu haske da aka ɓoye a kan tuddai da cikin koguna, duk uku da ka samu a ba ka makin fasaha ɗaya, don haka yawon banza ma yana da lada.

Sai dai faɗan da ya dogara da karewa a kan kari yana son intanet mai sauri. Injinan da ke ɗauke da wasan suna Amurka. Idan layi ya yi nauyi, sai in ga saran ya riga ya sauka kafin garkuwata ta tashi. Bayan sha biyun dare abin yana gyaruwa sosai, amma mai fita aiki da safe ya san farashin wannan.

Wasan an yi masa hukuncin 'yan shekara 17 zuwa sama a Amurka. Akwai jini, giya, tsafi da gumakan ƙage a ko'ina cikin labarin. Ba zan bar yara su zauna kansa ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Sana'o'i shida ne: ƙira, ɗinki, sassaƙa, haɗa magani, girki da ɗaura wa kaya sihiri. Na kama ƙira. Idan kana so ka koyi wata siffa ta takobi, sai ka sadaukar da takobin da ke da ita, ka jira awa 6 na agogon gaske. Siffa ta biyu a kan irin takobin awa 12, haka yake ta ninkawa. Doki kuma mafi araha zinariya 17,200, wanda ya sayi bugu mai tsada na dala 79.99 yana karɓar nasa da zinariya ɗaya. In ka samu dokin, sau ɗaya ake ciyar da shi a awa 20 don ya ƙara gudu ko ɗaukar kaya.

Waɗannan agogunan ba don daɗin wasa aka sa su ba, don ka dawo gobe ne, kuma ka ga asarar barin wata mai zuwa. Na lura yau na shiga ba don ina marmari ba, sai don kada awa 6 ɗin maƙera su wuce a banza. Ban so wannan jin ba. Batun dokin ma ya tsaya mini a rai: wanda ke biyan kuɗin wata bai kamata ya tarar da wani ya riga shi da ƙarin dala 20 ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na shiga wani ƙaramin kogo, na ratsa har ƙarshe don in gamu da shugaban 'yan fashin da ke ciki. Na tarar da wasu 'yan wasa tsaye a kan wurin da yake fitowa, kayansu iri ɗaya, sunayensu tarkacen haruffa. Ba mutane ba ne, manhaja ce ke tuƙa su. Da ya fito, kafin in ɗaga hannu sun gama da shi. Masu su suna tara zinariyar wasa su sayar da kuɗin gaske, kuma tallarsu ta cika wurin hira.

Na yi ta tunanin lissafin kuɗin. World of Warcraft tun 2004 yake karɓar kuɗin wata, kuma har yau ana biya. Amma Star Wars: The Old Republic ya fito da irin wannan tsari a Disamban 2011, bai cika shekara ba ya buɗe ƙofar shiga kyauta. Rift ma ya bi sahu a 2013. Guild Wars 2 kuwa tun farko sau ɗaya ake saye. Kamfanin ZeniMax Online da ya yi wasan nan ya san duk wannan, kuma hujjarsa ita ce kuɗin wata zai ba shi damar kawo sabon abu a kai a kai. An riga an nuna yanki na farko, Craglorn, amma na waɗanda suka wuce mataki na 50 ne. Ni da nake na tara, alkawarin bai shafe ni ba tukuna.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Na kai mataki na 10, aka buɗe mini Cyrodiil. Ƙanena ya tashi da asuba a can don mu shiga tare, kuma a nan babu abin da ya raba mu: ƙasa ɗaya ce ga kowa.

Faɗinta ya ba ni mamaki. Sansanoni 18 masu ganuwa, kowane da gona da mahaƙa da wurin yankan katako da ke ciyar da shi. Shida daga ciki sun kewaye babban birnin da ke tsakiya, ɓangaren da ya haɗa shidan nan a hannunsa, gwarzonsa ya zama sarki. Shugaban masu yin wasan, Matt Firor, yana cikin waɗanda suka yi Dark Age of Camelot, inda aka san daɗin yaƙin ɓangare uku, kuma hannunsa ya nuna. Idan biyu suka kaure, na ukun yana iya zagayowa ta baya ya kwashe gonar wani.

Muna Fort Aleswell aka yi shelar jajaye, wato mutanen Ebonheart Pact, sun taso daga wajen Chalman. Na hau ganuwa na hango su suna kafa majaujawa a kan tudu. Duwatsu suka fara sauka, bangon yana girgiza, ma'aunin ƙarfinsa yana raguwa muna kallo. Wani da ban sani ba ya karɓi ragamar magana, ya ce masu baka su hau sama, masu mai su tsaya kan ƙofa, masu warkarwa su koma bayan tsani. Aka bi shi, ba don yana da wani muƙami ba, sai don maganarsa ta yi daidai. Ni ƙaramin mataki gare ni, sarana ba ya kashe kowa, amma wasan yana ɗaga ƙarfin ƙanana a nan, kuma warkarwa ba ta neman saurin layi kamar karewa. Na tsaya ina ɗaga waɗanda suka faɗi. Da bangon waje ya fashe muka ja ciki, suka kawo gungumen fasa ƙofa, aka kwarara musu tafasasshen mai. Can sai ga wata tawaga tamu da ta zagaya ta bayan tudun ta cinna wa majaujawarsu wuta. Ƙanena yana ihu a kunnena, "Sun juya, Yaya, sun juya!"

Wannan ba a rubuta shi a labari ba, kuma gobe ba zai maimaitu haka ba. Shi ne abu na farko da na gani wanda babu yadda za a yi wasan mutum ɗaya ya ba ni. In ka mutu nesa da sansani, tafiyar ƙafa ce mai tsawo kafin ka dawo, kuma a nan rashin dokin ya fi ciwo. Kwamfutar ta yi zafi har na jingina ta gaban fanka.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na yi niyyar komawa Cyrodiil, layi ya ƙi. Cikin taron yaƙi hoton yana tsayawa, in ya dawo na riga na mutu. Na haƙura na ci gaba da labarin Glenumbra, inda masu rikiɗa kyarkeci suka cinye birnin Camlorn. Labari ne mai kyau, kuma ko da layi mai rauni ana bin sa. Amma ni kaɗai na bi shi.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Mun yi magana da ƙanena. Shi zai ci gaba da biya, kuma na ga dalilinsa: wutarsa ba ta yankewa, intanet ɗin makaranta na hannunsa, ya kuma shiga wata ƙungiya da ke fita yaƙi kowane dare. Wanda yake da waɗannan ukun, dala 14.99 ba ta yi masa yawa ba.

Ni lissafina dabam ne. Ɓangaren da nake iya yi kullum, wato labarin, bai kai a biya masa kuɗin wata ba, don ba ya buƙatar mutane, wani lokacin ma su ke ɓata shi. Ɓangaren da ya kai a biya, wato Cyrodiil, sai dare ya tsala kuma layi ya yarda. A kan kuɗin watan kuma akwai kuɗin data da na mai. Wanda ke son Tamriel, ƙasar da wasan yake ciki, watan farko zai ishe shi ya ga ƙasa mai kyau da labarai masu ma'ana, kuma ba zan hana shi saye ba. Wanda bai taɓa shiga ba, ya fara da Skyrim.

Na shiga shafin asusuna na kashe sabuntawar da ke cire kuɗi da kanta. Sauran kwanakin zan yi su, ina so in kai hamadar Alik'r in ga birnin Sentinel kafin su ƙare, duk da ƙanena ya ce da wuya in kai matakin da ake shiga can. Na gaya masa ranar da aka gyara yadda mutum biyu za su bi aike ɗaya suna ganin juna, ya kira ni in biya wata guda mu gwada.