Wayar da Na Binne a Bangon Gidanmu na Sabon Birni

A hunturun shekarar 2016, da muka sami hutun ƙarshen zango a jami'a, na kama hanyar gida Sabon Birni da ƙunshin wayar dish yadi ɗari a bayan mota, da damin bututun roba, da wata niyya da na daɗe ina ɗagawa. Shekara biyu ke nan da kafa dish a gidanmu, a kan wani ginshiƙin siminti kusa da zaure, talabijin kuma tana cikin zauren, inda Baba ke zama da abokansa. Inna da sauran matan gida ba su da rabo sai dare ya raba, baƙi sun watse, an rufe ƙofar waje. Abin da take so kuwa bai taka kara ya karya ba: tashar nan ta Saudiyya mai nuna Ka'aba dare da rana. Sau ɗaya ta sauke farali, kuma tun da ta dawo zuciyarta ke can. Sai kuma shirin Daɗin Kowa na Arewa24, wanda ta nace cewa don jikoki take kallonsa.

Tsakanin dish ɗin da ɗakin Inna akwai bango uku, biyu na ƙasa, ɗaya na bulo. Mai haɗa dish ɗin, wani saurayi ɗan Isa da ke zuwa a kan babur ranar kasuwa, ya dubi wurin sau ɗaya ya ce aikin rabin sa'a ne. Zai jefa wayar ta saman katanga, ya naɗa ta a bakin azara, ya bi da ita ta gefen indararo, ya zura ta taga. Haka ake yi a ko'ina, kuma duk wanda ya ratsa garuruwanmu ya ga irin wayoyin nan suna lilo a sararin tsakar gida, wasu ma har shanya ake yi a kansu. Na ce masa ban yarda ba. A lokacin ina ganin wannan lilon a matsayin shaidar halinmu na yin abu don yau kawai, kuma na sha faɗa wa ɗalibaina haka da bakin nan nawa.

Ina da hujja, domin na ɗan yi karatu a kan abin. Wayar dish ba kamar wayar wuta take ba. In ka yanka ta za ka ga zaren tagulla guda a tsakiya, farar roba mai laushi ta kewaye shi, sannan takardar gwangwani, sannan saƙar ƙananan zarurruka, sai baƙar riga a waje. Wani Bature ɗan Ingila, Oliver Heaviside, shi ya yi rajistar wannan fasali tun 1880. Hikimar ita ce tazarar da ke tsakanin zaren tsakiya da saƙar waje ta zama daidai tun daga farko har ƙarshe. Saƙon da ya taso daga tauraron ɗan'adam, daga nisan kusan kilomita 36,000, yana isowa a galabaice, kuma wannan tazarar ce ke riƙe shi har ya kai ga risiba. In aka lanƙwasa wayar da ƙarfi a kusurwa, ko aka danne ta da ƙusa, tazarar ta ɓaci. In rana ta dafa rigar ta tsage, kamar yadda ranar Gobir ke yi wa kowace roba, ruwan damina ya shiga saƙar ya ci ta da tsatsa. Daga nan sai hoto ya fara daddatsewa, a yi ta zagin dish da hadari, alhali laifin yana cikin waya.

Saurayin ya fi ni sanin wani abu guda, kuma ya ceci kuɗina. Na zo da ɗan ƙarfen raba waya, da nufin a tsaga wadda ke shiga zaure gida biyu. Ya yi dariya ya ce in aka yi haka Alhaji da Hajiya za su yi ta faɗa ba su san dalili ba. Ashe risiba ce ke tura wuta ta cikin wayar zuwa ga kan dish ɗin, wanda suke kira elembi, kuma da ƙarfin wutar, bolt 13 ko 18, take gaya masa rukunin tashoshin da take so. Risiba biyu a kan waya ɗaya kowace na jan nata, mai ƙarfi ta danne marar ƙarfi. Maganin shi ne a sayi elembi mai baki biyu, kowane ɗaki da wayarsa tun daga tushe. Muka yi haka.

Inda aka sha daga shi ne wurin Baba. Da ya ga na ɗauko guduma na nufi bangon zaure, sai ya ajiye carbinsa ya ce, "Dokta, ashe karatun naka na hudar bango na? Ginan ga tun ubana na da rai anka yi ta. Ruwa ba su ci ta ba, kai kaka son ka ci ta da ƙarhe?" Ba ya kirana Dokta sai in zai yi mini ba'a. Na yi ta bayani a kan tsatsa da zafin rana, yana kallona kamar mai sauraren yaro yana ba da labarin mafarki. A ƙarshe ya ce ba wanda zai taɓa bangon sai maginin da ke yi masa yaɓe duk shekara.

Washegari tsohon ya zo, kuma a yinin nan na ga iyakar takardata. Ni na yi nufin in sassaƙe doguwar hanya a jikin bango in kwantar da bututu, kamar yadda ake yi a ginin bulo. Ya ce bangon ƙasa ba ya son doguwar tsaga, domin nan ruwa zai sami wurin zama, gara ta bi sawunsa. Ana huda shi kai tsaye, kuma a sama, inda ginin ya sirance, tunda bangon tubali ƙasansa ya fi samansa kauri nesa ba kusa ba. Ramin kuma a karkata shi, bakinsa na waje ya fi na ciki yin ƙasa, don ko ruwa ya biyo waya ya koma inda ya fito. Inda dole sai bututun ya bi tsawon bango, sai ya kankare yaɓen kawai, ya kwantar da shi, ya rufe da sabuwar ƙasa da ya kwaɓa da makuba. A kowace kusurwa ya bar bututun ya yi gwiwa mai faɗi. Ban gaya masa komai a kan tazarar tagulla ba. Shi dai ya ce abin da aka tanƙwara da ƙarfi ba ya daɗewa. Abu ɗaya na ƙara da kaina, wato nisanta bututun daga wayar sola da ke bin bango ɗaya, da barin ɗan lanƙwasa a waje ƙasa da bakin rami don ɗigar ruwa.

Kwana uku aka yi ana aikin rabin sa'a. Da aka gama ba ka ganin komai sai ɗan guntun waya da ya leƙo a bayan gadon Inna. Daren farko ta zauna a kan darduma tana kallon masu ɗawafi har aka kira assalatu a can, mu nan da sauran dare. Ba ta yi mini godiya a gabana ba, domin ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta kamawa. Ƙanwata ta gaya wa, ita kuma ta kawo mini.

Allah Ya yi wa Baba rasuwa a 2019, a kan shimfiɗarsa, cikin gidan ubansa. A yau ina lissafa wannan cikin ni'imomin da aka yi masa. A watan Mayun 2020 'yan bindiga suka afka wa Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da wasu ƙauyuka na ƙasar Sabon Birni, suka kashe mutane fiye da 70 a yini guda. Daga nan noma ya koma sai da izini da kuɗin fansa, hanya ta koma sai da addu'a. A watan Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, ciki har da Isa da Sabon Birni, don a toshe wa maharan hanyar magana da masu ba su labari.

A makonnin nan na fahimci wani abu game da wayar da na binne, wanda karatuna bai nuna mini ba. Dish ba ruwansa da turakun sadarwa. Muddin akwai rana a kan sola, yana kamawa. Saboda haka Inna tana zaune a ɗakinta tana ganin Makka, tana ganin Kano, wani lokaci ma tana jin ana ambaton sunan garinta a labarai. Ni kuwa ina Sakkwato, tafiyar 'yan sa'o'i, ba ni da hanyar sanin ko ta kwana lafiya. Wayar kawowa take yi, ba ta kaiwa. Ƙanena ya kan hau babur ya nufi wajen iyaka, inda ake samun sabis ɗin Nijar, ya kira ni da layin can ya ce kowa lafiya, ya juya kafin la'asar. Duk ranar da ya yi wannan tafiya ya sa ransa a tafin hannu don kalma biyu. Na kan shiga aji a ranakun da bai kira ba, in yi ta magana, ban san abin da nake faɗa ba.

A watan Disambar shekarar aka tare wata motar fasinja kusa da Gidan Bawa, aka banka mata wuta da mutane a ciki. Bayan wannan ban ƙara sauraren Inna ba. Ta ce ba inda za ta, na ce za ta, kuma ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ran nan. A farkon 2022 muka taho da ita Sakkwato. Maƙwabtanmu da yawa sun riga mu, wasu zuwa nan, wasu sun tsallaka ƙasar Maraɗi wurin dangi, tunda Gobirawan Tsibiri da na Sabon Birni tsatso ɗaya ne, iyaka daga baya ta zo ta same su. Ƙanena ya kwance dish, ya kwance sola, ya ɗauko risiba da talabijin. Da ya zo kan waya sai ya ja, ta ƙi. Gwiwoyin nan da magini ya yi, da ƙasar da ta bushe a bakin ramuka, sun riƙe ta gam. Ya kira ni ya ce sai dai a fasa bango. Maƙwabcinmu kuwa, mai wayar da ke lilo a kan katanga, wanda na sha yi wa dariya a zuci, minti biyar ya yi ya naɗe tasa a gwiwar hannu ya jefa a buhu.

Ba ina cewa na yi kuskure ba. Har gobe, wanda ya tambaye ni zan ce masa ya sa bututu, ya huda sama, ya karkata rami, kada ya danne waya da ƙusa. Abin da na janye shi ne hukuncin da na yanke wa mutanena. Mai binne waya a bango ya ɗauka cewa shekara goma masu zuwa yana nan, ɗansa ma yana nan. Ni na iya ɗaukar haka a 2016 domin ina da albashi, kuma ban taɓa kwana da takalmi a ƙafa ba. Mutanen da kakanninsu suka ga faɗuwar Alƙalawa a 1808, suka watsu, suka sake kafa gari har suka kira shi Sabon Birni, wataƙila sun san wani abu game da kayan da ake iya naɗewa. Kuma in a da sakaci ne ke sa a bar waya a waje, yau akwai mai barin ta da gangan. A 2024, lokacin da aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanya, aka kuma kashe shi a hannun masu garkuwa, wani abokina da ke gini a garin ya tsayar da aikin a linta. Ya ce mini in sarki bai tsira ba, wa zai yi wa filasta?

Gidan da na kama wa Inna a Sakkwato na bulo ne, ɗaki biyu da falo. Mai gidan mutumin kirki ne, ya ce in ina so in sassaƙe bango in binne waya, ba damuwa, in dai zan mayar da filasta. Na kira mai haɗa dish, na sayo bututu kamar wancan karon. Yana cikin auna bango Inna ta fito daga ɗaki ta tambayi ƙanwata, ba ni ba, abin da ake shirin yi. Da aka gaya mata sai ta ce, "A gaya mishi kar a bizne ta. A bi da ita bisa bango. Ba zama munka zo yi ba."

Haka aka yi. Wayar tana nan baƙa a jikin farin fenti, an kama ta da 'yan ƙusoshi masu maƙalin roba, ta bi saman ƙofa ta gangara bayan talabijin. Shekara uku ke nan. Bututun da na saya suna jingine a bayan ɗakin girki.

Ta Sabon Birni kuwa, na sa ƙanena ya naɗe bakunanta biyu da salatif ya cusa su cikin leda, na wajen dish da na bayan gado. Ya kan je garin in hanya ta yi sauƙi, ya duba yaɓe, ya share indararo kafin ruwan farko. Duk zuwan da zai yi Inna na ba shi saƙonni, na gaisuwa da na ta'aziyya, da wanda za a kai wa goro. Ni nawa ɗaya ne, kuma ya daina yi mini dariya a kansa: ya duba ko ledar nan tana nan, in ta yage ya sake wata.